Yadda Ake Fita Yawon Buɗe Ido da Mota a Kewayen Jos Cikin Damina

Dogon hutun 'yan makaranta yakan faɗo ne a tsakiyar damina, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da duwatsun Filato suka yi kore shar, ƙoramu kuma suka cika. Ba sai ka je nesa ba. Kwana biyu da mota mai lafiya sun isa ka nuna wa iyali abin da wasu ke tasowa daga Abuja da Kano domin su gani. Sharaɗin shi ne sammako, domin ruwan Jos ya fi sauka daga azahar zuwa yamma, duk shirin da bai yi la'akari da wannan ba kuwa a cikin mota zai ƙare.

Ranar farko a yi ta a cikin gari. A fara da gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin tonon kayan tarihi, ya kafa a 1952. Nan ne za a ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne kuma suka fara tono irinsu a 1928. Ka sa yara su dubi idanun da kyau: kusan duka masu kusurwa uku ne, da huda a tsakiya. Daga nan a taka zuwa sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa. A tsaya a ƙarƙashin bakan gizon rufin a ɗaga kai sama, wannan kaɗai ya isa darasi. Akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, ciki har da na siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. A ware awa uku, kada a yi gaggawa.

In an sami sararin yamma, a zaga ta Rayfield zuwa Bukuru a ga tafkunan kuza. Kyansu na ruɗi. Ramukan haƙa ne da ruwa ya cike, gefensu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Kada yaro ya kusanci bakinsu, babba ma kada ya ce zai gwada iyo.

Rana ta biyu ita ce ta hanya, kuma tun jajibere ake shirya ta. A kai mota wurin bakanike ya duba birki da man birki, baƙin mai, da ruwan lagireto. A canja robar waifa in tana barin zane a gilashi. Taya ita ce babbar magana: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa ko ta suɗe ba ta korar ruwa, sai motar ta riƙa shawagi a kan kwalta, sitiyari ya daina jin magana. Mai faci ya auna iskar duka, har da safaya. A tabbatar akwai jak, sifana, abin kashe gobara, lasisi da takardun mota, saboda shingayen bincike suna da yawa a wannan hanya. Zuwa gangaren ruwan Assop, inda tafiyar za ta tsaya, da dawowa kimanin kilomita 130 ne. Ƙaramar mota ba za ta sha fiye da lita 15 ba, amma a zuba 25 saboda hawa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don sabis yakan ɗauke.

A tashi ƙarfe bakwai. Ta Bukuru za a bi zuwa Mararrabar Jama'a, a ɗauki hanyar Akwanga. Zangon farko Dutsen Riyom ne, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. A sauke mota gaba ɗaya daga kan kwalta kafin a buɗe ƙofa. Kewayen gonakin mutane ne, a yi sallama, a nemi izini kafin a ratsa ko a ɗauki hoton wani.

Sai Hawan Kibo, inda ya kamata direba ya tattara hankalinsa. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, kuma da damina hazo yakan rufe ta. Tun daga sama a sa giya ta biyu, mai otomatik ya mayar da ita 2 ko L, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa zai ƙona shi: man birki ya tafasa, a taka a ji ya tafi fanko. Da an ji ƙauri, a sami fili a tsaya minti ashirin, kada a watsa masa ruwa. Kada a kashe inji ko a saki giya wai don tsimin mai. A riƙa duba madubi, in tirela ta taso a baya a ba ta hanya tun da wuri. A hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo da haske cikin ido.

A gindin gangaren ne ruwan Assop yake zubowa. A ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, a daidaita kuɗinsa kafin a fara tafiya. Duwatsun suna da gansakuka, silifas ba zai yi ba, sai takalmi mai kama ƙasa. In ruwan ya fara komawa ja ko ƙararsa ta ƙaru, an yi ruwa a sama ke nan, a fito nan take ko da rana ake yi a inda kuke.

Batun tsaro ba a wasa da shi. Yankin Riyom ya sha fama da hare-hare, don haka da safen a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, a tsaya kan babban titi, a kuma sanar da wani a gida inda aka nufa. Ƙarfe ɗaya a juyo. Wurin hawa a sa ido kan allurar zafi, in ta tashi a kashe na'urar sanyaya mota a tsaya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai. Ana so a yi la'asar a Jos.