Yadda ake aikin tsinkar inabi a gonakin Faransa

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba gonakin inabin Faransa kan cika da ƴan ci-rani. Faransawa na ce wa wannan kaka "vendanges". A yankin Shampan kaɗai, inda gonakin suka kai hekta 34,000, ana ɗaukar mutum fiye da 100,000, domin dokar yankin ta hana tsinka da inji, sai da hannu. Ɗalibanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke karatu can sukan shiga don su haɗa kuɗin haya kafin a koma aji. Ni ma kaka biyu na yi, kuma da an gaya mini abin da zan gaya maka, da ban sha wahalar da na sha a ta farko ba.

Da farko, san inda inabin zai je

Ba zan ɓoye maka ba: yawancin inabin nan giya za a yi da shi. A Shampan da Bordo da Burgonyi, abin da ka tsinka da safe kafin dare ya shiga matsi. Hadisin da ya ambaci mutum goma da aka la'anta kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗauko ta, sananne ne. Ni sai da na iso gonar na ga manyan tankunan ƙarfe sannan jikina ya yi sanyi, ga kwantiragi na riga na sa hannu. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ka yanke shawara. Idan ranka bai kwanta ba, akwai inabin ci. A Muwasak, arewa da Tulus, ana noman fari da ake kira Chasselas, a gindin dutsen Bantu (Ventoux) da ke kudancin Faransa kuma ana noman baƙi, Muscat. A gonar inabin ci na yi kakata ta biyu. Kama almakashi da ciwon ƙugu duk ɗaya ne, don haka abin da ke tafe zai yi maka amfani ko'ina ka faɗa.

Neman gurbi

Tun Yuni ko Yuli ake nema, a shafin intanet na France Travail, hukumar samar da aiki ta gwamnati, ko na ANEFA, ƙungiyar da ke kula da aikin gona, ko ta bakin wanda ya yi bara, wanda shi ya fi sauri. Ba wanda zai ba ka ranar farawa tun da wuri. Tsofaffin manoma na ƙirga kwana 100 daga fitar fure, amma zafin shekarun nan ya rikita lissafin. A Shampan kwamitin yankin ne ke sanar da rana, ƙauye-ƙauye, kowane irin inabi da ranarsa, bayan an auna zaƙin ƴaƴan. Saboda haka kar ka sayi tikitin jirgin ƙasa da ba a canzawa.

Abu uku za ka tambaya a waya: akwai makwanci? Akwai abinci, kuma nawa za a cire a kansa? Biyan awa ne ko jinga? Jinga a nan kan kilo ake lissafa ta. Tana yi wa gwanaye daɗi, amma sabon shiga ya nemi awa.

Takarda kafin almakashi

Kar ka yanke nonon inabi ko ɗaya sai kwantiragi ya shigo hannunka. Akwai na musamman don wannan kaka, "contrat vendanges", ba ya wuce wata ɗaya; ana iya yin wani bayansa, amma jimilla ba ta wuce wata biyu cikin wata 12. Ba a biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi, SMIC, wanda a 2025 yake yuro 11.88 a awa kafin a cire kuɗaɗen hukuma, sannan a ƙara maka kashi 10 cikin 100 a madadin hutu. Ɗalibi baƙo yana da izinin aikin awa 964 a shekara, kuma awoyin gona na cikin lissafin.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ƴan kwangila masu kwaso ma'aikata a bakin tashoshin Faris, su yi alkawarin kuɗi a hannu ba takarda. A kakar 2023 an gano ma'aikata fiye da 50, galibi daga Mali da Muritaniya da Senegal da Kodebuwa, an cusa su a wani kango a Shampan, ba tsabtataccen ruwa, ba makewayin kirki. A Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta yanke wa masu hannu a ciki ɗauri kan fataucin mutane. Duk wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya ajiye maka, juya ka tafi. Ka kuma sayi ɗan littafi, kullum da yamma ka rubuta ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa ka tashi. Ranar biya za ka gode mini.

Kaya

Almakashi da bokiti mai gona ke bayarwa. Naka shi ne takalmin roba mai tsawo, rigar ruwa, malafa, safar hannu siririya, filasta, da tufafin da ba ka so, don ruwan inabi in ya kama yadi ba ya fita. Da asuba raɓa za ta jiƙa ka har gwiwa kana rawar ɗari, ƙarfe goma sha ɗaya kuma kana neman tuɓe riga. Sa kaya bisa kaya.

Tsinkar kanta

Wajen ƙarfe bakwai ake shiga gona. Shugaban ayari zai raba ku biyu-biyu, layi ɗaya, kai a wannan gefe, abokinka a wancan, kuna fuskantar juna da ganye a tsakani. Kurangar Shampan gajeruwa ce, nonnan suna rataye ƙasa da gwiwarka, don haka wuni za ka yi a duƙe.

Fara da yaye ganyen da ya rufe ƴaƴan. Sabbin shiga na jin tsoron cire ganye, su yi ta lalube a duhu, nan kuwa ake yanka. Yaye shi, ka ga abin da kake yi. Sai ka tallabo nonon daga ƙasa da hannun hagu, tafin hannu a buɗe kamar mai karɓar sadaka, ba ka kama shi ta wuya ba. Nemo sandar da ta riƙe shi da idonka, ka sa bakin almakashi, ka datse. Ni a safiyata ta farko ta wuya na riƙe, almakashin ya haɗa da ɗan yatsana, kuma tsamin inabi a cikin sabon yanka wani abu ne da ba na yi wa maƙiyi fata. Wata tsohuwa da ta shekara fiye da ashirin tana wannan aiki ta ɗaure mini, ta kama hannuna ta juya shi sama, ba ta ce uffan ba. Kar kuma ka zura almakashi ta cikin ganye zuwa ɗaya gefen. Yatsun abokinka na can.

Tura bokitin ƙarƙashin kurangar, nono ya sauka a hankali. Ba a jifa, ba a dannawa don ya ci da yawa, domin ƴaƴan da suka fashe tun a gona sun fara lalacewa. Ganye kar ya shiga. In ka ga wani gefe ya yi furfura launin toka, ruɓa ce: ƙwaƙule wurin da bakin almakashi, in ta ci rabi ka yar. In ka ji warin tsami kamar na ruwan kal, yar da shi duka. Ƙananan nonnan da ke can sama, masu tauri da kore, ba su nuna ba, bar wa tsuntsaye. A gonar inabin ci ƙa'idar ta fi tsanani: ta sanda kawai ake riƙewa, don kar a goge farin garin nan da ke jikin ƴaƴan, shi mai saye ke dubawa. Daga baya a rumfa a bi kowane nono da ƙaramin almakashi a cire marasa kyau ɗaya-ɗaya.

Bokiti ya cika, ka kira mai ɗauka ya juye a akwatin roba ko a kwandon da yake goye da shi. Kafin ka matsa gaba, leƙa kurangar daga ƙasa sau ɗaya. Shugaban ayari na bin layi a baya, kuma ya fi yafe jinkiri da nonon da aka manta. In kun gama layinku, ku juya ku taya na kusa. Haka al'adar take, gobe kai za a taya. Rina na son zaƙi, duba kafin ka damƙa.

Jiki

Rana ta biyu da ta uku su ne masu kora mutane gida. Ƙugu zai riƙe, cinyoyi su yi tsami, safiya ta yi ka kasa ɗaura takalmi. Daure, daga ta huɗu jiki na sakewa. Dabarar ita ce sauya zama: ɗan tsugunno, ɗan durƙuso kan gwiwa ɗaya, ɗan duƙawa, kar ka daɗe a ɗaya. Kar ka yi tsere da gwanaye.

Mu ƴan Sahel mukan raina ranar Turai, kuskure ne. Tsakanin layuka iska ba ta ratsawa, ga farar ƙasar alli na maido zafi a fuska. A Satumban 2023 mutum 5 suka rasu a kakar Shampan lokacin tsananin zafi. Sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. Jiri ko amai ko ciwon kai, ajiye almakashi ka nemi inuwa ka faɗa wa shugaba. Lambar gaggawa 15 ko 112.

Wajen ƙarfe tara da rabi akan tsaya a ci burodi da cuku da nama, naman kuwa galibi alade ne. Gaya wa mai girki tun ranar farko, ba sai an zuba ba. Azahar tana samuwa a hutun rana, ƙarshen layi akwai fili.

Ranar ƙarshe, da abin da ke bayanta

Gona ɗaya kan ɗauki mako guda zuwa biyu. A ranar gamawa ana yi wa tarakta ado da ganye, a yi walima, wadda ake kira "cochelet" a Shampan, "paulée" a Burgonyi. Akwai lemo ga wanda ba ya sha. Karɓi takardar albashinka, ka gwada ta da littafinka kafin ka hau mota.

In hannunka ya yi wa mai gona, zai iya kiranka aikin hunturu, wato datse rassa, daga zubar ganye zuwa Maris. Wannan sai an koya maka, don a Shampan salon datsa huɗu kawai doka ta amince da su, kuma reshen da ka bari yau shi zai ba da ƴaƴan baɗi. A Burgonyi za ka ga masu datsa na tura baro da aka yi da rabin ganga, suna ƙona rassan a ciki suna jin ɗumi. Mayu a cire tohon da ya yi yawa, Yuni a ɗaga rassa a saƙala su tsakanin wayoyi. Idan kana so, faɗa masa tun a wurin walimar ka bar lambarka, domin kafin Nuwamba ya gama haɗa mutanensa.