Yadda na gyara dishi-dishin hotunan faɗa-wuta

Daren farko da na kafa tarko, bokiti da mazurari da fitilar UV mai hasken da ke jan ƙwari a sama, faɗa-wuta sun shigo da yawa. Hotunan ne suka ba ni kunya: ido ya fito, fiffike ya narke. Na ɗora wa kyamara laifi, ashe ni ne.

In ka matso dab da ƙwaro, abin da ke fitowa tangaran ba ya wuce 'yan milimita, ni kuwa na bar ƙofar hasken kyamara wangame a f/2.8. Na tsuke ta zuwa f/11, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, na kunna filas. Sai ƙyalli ya wanke zanen fiffiken tas. Farar takarda na lanƙwasa a gaban filas ɗin, hasken ya yi laushi, har gashin wuyansu ya fito ɗaya-ɗaya. Saitin da kyamara ke daidaita fitowar hoto da kanta ma na kashe shi, ni nake matsawa gaba da baya har ido ya tsaya.

Tashinsu kuwa, kwalin ƙwai a cikin bokitin ya yi magani. Suna lafewa a ramukansa, da asuba sanyi ya kashe musu jiki, sai in ɗauki hotonsu a tsanake, in sake su cikin ciyawa kada tsuntsaye su gan su.