Kafin ka hau sikafol, duba waɗannan

Jama'a masu aikin gini, birkila da lebura, dan Allah kar mu riƙa hawa sikafol (dandamalin da ake tsayawa a kai a yi aiki a sama) kawai dan oga yace lokaci na tafiya. Fara da ƙasa tukuna, in wurin da laushi musamman da damina to a sa katako mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, banda ɗora ta kan bulo, bulo fashewa yake in nauyi ya hau.

In na gora ne ka kama kowane ɗauri ka jijjiga da hannunka, gorar da ta tsage ko gara ta ci a cire ta kawai, ba wani a lallaɓa. Katakon takawa a ɗaure shi gam kar ya zama kana taka gefe ɗaya, ɗayan yana ɗagawa, kuma a sa abin dafawa ta baya kamar mita 1. In ginin bene ne a ɗaure sikafol ɗin jikin bango.

Abin da yafi damuna shine lodi, a tara bulo da kwanon siminti waje ɗaya ga mutum uku tsaye, haba. Ɗan kaɗan kaɗan ake miƙowa. Wayar wuta in tana kusa kar a ɗaga rodi ko fayif, na ƙasa kuma su sa hular kwano. Bayan ruwa ko iska a sake dubawa kafin kowa ya hau.