Idan Lissafin Lanƙwasa Bututu Ya Ƙi Daidaita a Abaqus

Da yawa idan lissafin lanƙwasa bututu ya cije a Abaqus, manhajar kwaikwayon aikin injiniya a kwamfuta, abin da suke fara yi shi ne rage girman taki, wato ɗan matakin da manhajar ke ɗauka a kowane zagayen lissafi. Ba kasafai hakan ke magani ba. Abaqus/Standard, sashen manhajar da ke neman daidaito a kowane taki, da kansa yana rage takin ya sake gwadawa har sau 5 kafin ya haƙura. Buɗe fayil ɗin .msg, inda manhajar ke rubuta rahoton lissafin, ka ga a ina aikin ya tsaya, domin wurin tsayawar shi ke nuna ciwon.

In tun takin farko ya mutu, galibi akwai wani sashe da ba abin da ya riƙe shi. Bututun yana reto tsakanin ƙarafan lanƙwasa, ko sandar da ke cikinsa ba ta taɓa komai ba tukuna. Raba aikin gida biyu: a fara matse bututun da mariƙi, sannan a juya ƙarfen lanƙwasa. Kuma ka ba da umarni da kusurwar juyawa, misali digiri 90, wato radiyan 1.571, maimakon ɗora ƙarfi. In ƙarfi aka ɗora, da zarar bututun ya fara sakin jiki lissafin ba shi da madafa. Tabbatar an kunna NLGEOM, saitin da ke sa lissafin ya yi la'akari da babban sauyin siffa.

In ya tsaya daidai lokacin da ƙarfen bututun ya fara lanƙwasar da ba ta komawa, duba teburin bayanan ƙarfen. Alƙaluman gwajin ja sai an mayar da su na haƙiƙa: matsi (σ) ya zama σ(1+ε), miƙewa (ε) ta zama ln(1+ε), sannan a cire kason da ke komawa. A layin farko miƙewar ta zama sifili, kada kuma matsin ya riƙa sauka a ƙarshen teburin. Ma'auni ma yana kayar da ƙwararru: in da milimita da niyuton kake aiki, taurin ƙarfe (Young's modulus) wajen 210000 ne.

Mai wuyar ita ce tsayawa a tsakiyar lanƙwasa. Nan bangon da ke ta cikin lanƙwasar ke shan matsi, yana neman yamutsewa, bakin bututun kuma yana komawa kamar ƙwai. Sau da yawa lissafin gaskiya yake faɗa: bututun ne zai lalace. Dubi hoton takin ƙarshe da ya daidaita. In ka ga yamutsewa ta fara fitowa, gyara tazarar sandar ciki ko matsayinta kafin ka taɓa saitin manhaja. In babu, sai ka zargi gogayya. Sauke ta zuwa sifili ka gwada, in ya wuce ka riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Raga, wato ƙananan gutsattsarin da aka raba bututun cikinsu, ma a duba: gutsure mai siffar tubali na C3D8R guda ɗaya a kaurin bango bai isa ba, sa aƙalla 4, ko ka koma S4R, gutsure mai siffar falle, in bangon siriri ne.

Ana iya kunna kwantarwa ta atomatik, amma a sa ido kada ALLSD, kuzarin da kwantarwar ke cinyewa, ya wuce kusan kashi 5 cikin 100 na ALLIE, wato kuzarin ciki. In duk an yi ya ƙi, mayar da lanƙwasar zuwa Abaqus/Explicit, ɗaya sashen manhajar da ba ya neman daidaito a kowane taki, ka kula kuzarin motsi ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kuzarin ciki, sannan ka dawo da sakamakon zuwa Standard don lissafin yadda bututun zai ɗan buɗe bayan an sake shi.