Yadda Ake Nutsar da Jirgin Ruwa da Gangan, da Inda Aikin Ke Kwaɓewa

Shigar da ruwa cikin jirgi ba shi da wuya. Wuyar ita ce a sa jirgin ya zauna a inda ake so, a irin kwanciyar da ake so, kafin abokin gaba ya hana. Shi ya sa tun ba a taɓa bawul ko ɗaya ba ake fara tantance abin da ake nema da gawar jirgin: hana maƙiyi amfani da shi, toshe mashigi, ko tare igiyar ruwa domin saukar da soja a gaɓa. Kowanne da nasa tsarin, dabarar da ta yi wa ɗaya daidai kuma takan ɓata ɗayan.

Idan hana maƙiyi jirgin ake nufi, da bawul-bawul na ƙasan jirgi ake farawa, waɗanda ke jawo ruwan teku don sanyaya inji da kashe gobara. Buɗe su kaɗai ba ya wadatarwa, domin jirgin yaƙi a rarrabe yake ɗaki-ɗaki da bangayen ƙarfe, an gina shi ne don kada ya nutse. Sai an bi ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan an buɗe an tokare, an sassauta tagogi, an huda bangaye. Bayan an buɗe bawul a fasa bututun, a jefa mabuɗin a teku don kada wani ya hau ya rufe. Haka Jamusawa suka yi wa jiragen yaƙinsu da aka tsare bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya a Scapa Flow, sansanin jiragen yaƙin Birtaniya a arewacin Sikotilan, ranar 21 ga Yuni 1919, bisa umarnin Admiral Ludwig von Reuter. Sun yi shirin a ɓoye, suka aiwatar da safiyar da manyan jiragen Birtaniya suka fita atisaye. Cikin jirage 74 da ke tsare, 52 suka nutse. Yawancin sauran, Turawan Ingila sun ja su zuwa ruwa marar zurfi kafin su tafi ƙasa. An fi cika gefe ɗaya da ruwa don jirgi ya kife, saboda kifaffen jirgi ya fi wuyar ɗagowa.

Zurfin wurin shi ke nuna ko aikin ya ƙare a nan. A Toulon, kudancin Faransa, ranar 27 ga Nuwamba 1942, Faransawa sun nutsar da jiragensu 77 lokacin da tankokin Jamus suka shigo tashar. Ruwan tashar ba zurfi, jirage da yawa suka zauna a ƙasa rabinsu a waje. Da ruwa kawai aka zuba musu, da famfo ya dawo da su. Don haka aka fasa manyan bindigogi da nakiya, aka farfasa injuna da na'urorin auna nisa da na sadarwa, aka cinna wa wasu wuta. Italiyawa sun ɗago da dama daga baya, amma kaɗan ne ƙwarai suka sake amfanuwa.

Toshe mashigi wani aiki ne daban, kuma shi ya fi cin mutane a banza. Da awo ake farawa: faɗin hanyar da jirage ke bi, zurfinta lokacin cikowar teku da lokacin janyewa, ƙarfin gudun ruwa, da irin ƙasar da ke ƙarƙashi, dutse ce ko yashi ko laka. Jirgin da za a zaɓa ya kamata tsawonsa ya kai faɗin hanyar, tsayinsa kuma ya hana a bi ta kansa ko teku ta cika. Ana kwashe kayansa masu amfani, a zuba kankare a cikinsa don ya yi nauyi ya kuma yi wuyar yankawa, a bar matuƙa kaɗan da ƙananan kwale-kwalen tsira. Sai babban aiki: a kai shi daidai ƙuncin hanya, a karkata shi ya gitta, a riƙe shi da anga gaba da baya, a fasa ƙasansa ya zauna kafin ruwa ya juya shi.

A tashar da take hannunka wannan yana yiwuwa, tunda ba mai harbinka. Rashawa sun jera tsofaffin jirage bakwai a bakin tashar Sebastopol ta Kirimiya a Satumba 1854, suka hana jiragen Birtaniya da Faransa shiga, matuƙan da bindigogin kuma suka koma tsaron gari. Masar ta toshe mashigin Suwez da jirage wajen 40 a 1956, bai buɗe ba sai Afrilu 1957. A tashar maƙiyi kuwa, da dare, ana ruwan harsasai, da wuya a dace. A Santiyago ta Kuba, a Yuni 1898, harbi ya lalata sitiyarin jirgin dakon gawayi Merrimac na Amurka, ƙalilan daga nakiyoyinsa suka tashi, ruwa ya ja shi ya wuce ƙuncin ya nutse inda bai tare komai ba. Japanawa sun gwada sau uku a Port Arthur, sansanin jiragen Rasha a gaɓar Sin, a 1904, ba su toshe ba. A Zeebrugge ta Beljiyam, ranar 23 ga Afrilu 1918, iska ta juya ta kwashe hayaƙin da ke ɓoye maharan Birtaniya, farfelar Thetis, ɗaya daga jiragen da suka kawo don toshe hanyar, ta sarƙe da raga ya tsaya kafin ya kai. Sauran biyun, Intrepid da Iphigenia, sun shiga bakin hanyar sun nutse, amma Jamusawa suka yashe gefe, cikin 'yan kwanaki jiragen ƙarƙashin ruwa suka ci gaba da wucewa idan teku ta cika. An raba lambobin yabo da yawa a kan harin, hanya dai ba ta rufu ba.

Ko an dace da wuri, ƙasar yashi takan warware aikin. Ruwan da aka tare yana ƙara gudu ta gefen gawar jirgi, ya kwashe yashi ya haƙa sabuwar hanya. A Disamba 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin ɓangaren Arewa sun cika tsofaffin jiragen katako da duwatsu suka nutsar a mashigin Charleston. Katakon ya ruɓe, duwatsun suka nutse cikin yashi, ruwa ya buɗe wata hanyar. Shingen jirage kuma yana buƙatar a riƙa dubawa, domin gawarwakin na tsatsa suna gusawa. Ta giɓin da ke tsakanin irin waɗannan ne jirgin ƙarƙashin ruwa U-47 na Jamus ya shiga Scapa Flow a Oktoba 1939, ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Royal Oak da mutum sama da 800.

Inda aka fi cin moriyar dabarar shi ne Normandi, a gaɓar Faransa, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka don yaƙar Jamus a Yuni 1944. Harin da suka kai tashar Dieppe ta Faransa a 1942 ya nuna cewa ƙwace tasha gaba da gaba ba ƙaramin hasara ba ne, sai aka yanke a sauka a buɗaɗɗiyar gaɓa. Matsalar buɗaɗɗiyar gaɓa ita ce ƙananan jiragen saukar soja ba su da mafaka idan iska ta taso. Aka tara tsofaffin jirage wajen 60, galibi na dakon kaya, har da tsofaffin jiragen yaƙi irin su Courbet na Faransa da Centurion na Birtaniya, aka jera su shinge a gaban gaɓoɓi biyar da aka sauka.

A nan komai akasin Scapa Flow ne, ana son jirgi ya zauna a miƙe, samansa a waje. Lissafin yana kan cikowar teku. A wannan gaɓar bambancin cikowa da janyewa yakan kai mita 6 ko fiye. In an nutsar da jirgi inda zurfi yake kusan mita 4 a janyewa, a cikowa ruwa ya kai mita 10, don haka sai jirgi mai tsayin jiki zai tare igiya a lokacin da aka fi buƙata. In an matso gaɓa, filin da aka kare ya yi kaɗan. In an yi nisa, igiya ta bi ta kansa. Ana saka masa nauyi a ƙasa tun daga gida don ya rage sauran tafiyar da zai yi zuwa ƙasan teku, a huda bangayen ciki don ruwa ya bazu daidai, a fasa gefe biyu lokaci guda. Jirgin da ya sha ruwa ta gefe ɗaya, ko ya daɗe yana nutsewa, zai karkata ko ruwa ya gusar da shi daga layi. Jiragen janwe ke riƙe shi har ya zauna, an fi son lokacin da ruwa ya lafa tsakanin cikowa da janyewa. Goshin kowane jirgi yana ɗan haurawa bayan na gabansa, kamar jerin kwanon rufi, don kada a bar kafa. Ɗakunan sama da suka rage a waje sun zama masauki da wurin gyara na matuƙan ƙananan jirage, wasu kuma aka bar musu bindigogin kakkaɓo jiragen sama.

Guguwar da ta fara ranar 19 ga Yuni daga arewa maso gabas, ta yi kwana uku, ita ta gwada aikin. Ɗaruruwan ƙananan jirage suka watse a gaɓa. A Omaha, ɗaya daga gaɓoɓin da Amurkawa suka sauka, ruwa ya kwashe yashin ƙarƙashin jiragen shinge, wasu suka ƙara lumewa, wasu suka karye a tsakiya saboda gaba da baya sun rasa madogara. Manyan akwatunan kankare da aka nutsar kusa da su don gina tashar wucin gadi, masu kai tan 6,000, buɗaɗɗu ne ta sama, igiya ta cika su suka fashe daga ciki. Aka haƙura da tashar wucin gadi ta Omaha. Ta Arromanches, a ɓangaren Birtaniya, ta tsira, wani ɓangare saboda duwatsun ƙarƙashin teku da ke gabanta sun rage ƙarfin igiya, daga baya kuma aka rufe saman akwatunan aka cika wasu da yashi. Amurkawa suka ƙara nutsar da jirage a shingen Omaha, suka koma kai manyan jiragen saukar tankoki har kan yashi: teku ta janye a sauke kaya, ta ciko jirgin ya tashi.

Mai shirin sauka kuma dole ya sa a lissafi cewa tashar da zai ƙwace a toshe zai same ta, don haka masu nutso da jiragen ɗaga kaya su biyo sahun farko. Tashar Cherbourg ta Normandi ta faɗa hannun Amurkawa a ƙarshen Yuni 1944, amma sai tsakiyar Yuli jiragen kaya suka fara shiga. A Napoli ta Italiya, a 1943, injiniyoyin sojojin ƙawance sun ga ɗago jiragen da Jamusawa suka nutsar a bakin dandamali zai ci watanni, sai suka bar wasu a inda suke, suka shimfiɗa gadojin katako a kansu, jiragen kaya suka riƙa jingina da gawarwakin ana sauke kaya ta kai.