Yadda zaka koyi karanta ajami: kunnenka zai yi maka aikin

Mutane da yawa sun sauke Alƙur'ani, boko ma suna karanta Hausa da Turanci ba gargada, amma ka miƙa musu wasiƙar ajami sai kaga sun tsaya suna kame-kame. Nima haka nake da. Wata tsohuwar wasiƙar kakana na ɗauko, baƙaƙen duk na sansu wasullan ma na sansu, amma abinda ke fita daga bakina ba Hausa bane ba Larabci ba, ƙanwata tana gefe tana ta dariya.

Matsalar daga kunne take. In mutum na karatu ko da a zuci ne, sautin kalmar na tashi a kansa kafin ma ya ankara, kuma in yana da harshe biyu to duka biyun ne ke tasowa, ko da rubutun nasu bai yi kama ba. An gwada wannan a 1997 da masu jin Ibrananci da Turanci, ana haska musu kalma a allon kwamfuta cikin ƙiftawar ido yadda basu ma san sun ganta ba, amma duk da haka sai ta taimaka musu su gane takwararta a ɗayan harshen da sauri, musamman in sautinsu ya yi kusa. To kai ma da kaga غ sai makogwaronka ya shirya gargazar makarantar allo, alhali malamin da ya rubuta "g" kawai yake nufi, ta gari da goro.

Don haka fara da ɗaga murya. Kar ka karanta a zuci tukuna, kuma ka fara da abinda ka riga kasan me aka rubuta. Zaro naira 500 daga aljihu, ajamin dake jiki cewa yake "naira ɗari biyar", ka faɗa da baki sannan ka bi da yatsa daga dama zuwa hagu kana haɗa kowane sauti da baƙinsa. A nan zaka ga ط ne ya tsaya a madadin ɗ. Ɗari biyu da dubu ma suna da shi, ƙananan ne aka cire musu tun 2007.

Daga nan sai ka zauna da baƙaƙen da suka canza murya, basu da yawa. ق shine ƙ, ث kuwa yawanci c ne, wato in kaga ثِ kar ka fito da harshe tsakanin haƙora kace thi, "ci" ne na cin tuwo. Ts ana yinta da ط mai ɗigo uku a sama, ɓ kuma wasu ب ta yau da kullum suke rubutawa su barka da ita kai ka gane daga zancen. Ajami bashi da ƙa'ida ɗaya da kowa ke bi, hannun Kano daban na Sakkwato daban, kar wannan ya tayar maka da hankali. Abinda yafi kama 'yan Islamiyya shine sun saba da Alƙur'ani bugun Hafsu, su kuwa tsofaffin rubuce-rubucenmu salon rubutun Alƙur'ani na Warshu suka bi, baƙin fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, sai kaga mutum ya karanta ƙasa yace fasa. Ɗigon nan mai kauri a ƙarƙashin baƙi shima daga Warshu aka aro shi, shine wasalin e.

Inda ajami ke burgeni shine ja. A boko gari da ake zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne sai dai ka duba zancen, a ajami kuwa na tuwon alif ne zai biyo bayan غ ya ja maka shi, gaari. Haka dafa abinci da dafa kafaɗa. In ka iso irin wannan wajen ka ja wasalin sosai kamar kana tilawa, kalmar da kanta zata faɗo maka.

Kalmomin aro kuma a bi su a hankali, don malamai kan bar musu rubutun Larabcinsu amma a baki Hausa ake faɗa. Zaka ga ص a farkon salla, s ce kawai. ض kuwa wajenmu l ta koma, shi yasa muke cewa alƙali da alwala da lalura.

Ka samu wani dattijo ko almajiri da ya iya, ya karanta layi ɗaya kana saurara idonka na kan takarda, kai kuma ka maimaita, waƙa tafi daɗi a nan don amsa-amo na gaya maka ƙarshen baiti tun kafin ka kai. Minti goma bayan magariba ya isa. In ka fara sabawa sai ka rubuta cefanen gida da ajami, ka ba wani ya karanta maka kaji ko gishiri ya fito gishiri.