Darasi na Shida: Yadda Ake Cin Kujerar Shugaban Ƙasa a Najeriya

Wa'adin shugaban ƙasa mai ci zai cika ranar 29 ga Mayun 2027, kuma tsarin mulkin 1999 bai bar wa kowa ikon ɗage zaɓe yadda ya ga dama ba. Sashe na 132 ya tanadi cewa a yi zaɓen ana saura kwana 150 zuwa kwana 30 wa'adin ya cika, wato tsakanin ƙarshen Disambar 2026 da ƙarshen Afrilun 2027, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ce mai tsayar da ranar. Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, ya yi rajista, ya kuma karɓi katin zaɓensa, yana da damar kaɗa ƙuri'a a rumfar da sunansa yake, bayan na'ura ta tantance shi ta yatsa ko ta fuska.

Zaɓen sanatoci 109 da na 'yan majalisar wakilai 360 ba shi da wuyar fahimta, domin wanda ya fi yawan ƙuri'u a mazaɓarsa shi ne ya ci. Kujerar shugaban ƙasa kuwa sharaɗi biyu gare ta, kamar yadda sashe na 134 ya shimfiɗa. Dole ne ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, wato rubu'i, na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi 36 da Abuja. Manufar ita ce kada wani ya hau mulki da goyon bayan yankinsa kaɗai, komai yawan jama'ar yankin.

A nan ne masu zaɓe da yawa suke kuskure, su ƙi fita saboda a ganinsu ɗan takararsu ba zai kai labari a jiharsu ba. Gaskiyar magana ita ce, ƙuri'a ɗaya sau biyu take aiki: tana shiga jimillar ƙasa, tana kuma shiga lissafin rubu'in jiha. Abin da ya faru a 1979 ya isa misali. A lokacin jihohi 19 ne, kuma Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya samu rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa sai an samu jihohi 13, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari, bisa lissafin cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, wato a jiha ta 13 rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta kawai ake bukata, kuma Shagari ya samu hakan a Kano. Ke nan ƙuri'un da ya samu a jihar da ya sha kaye su ne suka cika masa sharaɗi.

Makamanciyar wannan gardama ta taso a 2023, lokacin da Bola Tinubu ya samu ƙuri'u 8,794,726 amma bai kai rubu'i a Abuja ba. A watan Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Abuja ba ta da wani matsayi na musamman, ana lissafa ta ne tamkar jiha.

Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, sai a je zagaye na biyu cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'u da wanda ya yi rinjaye a jihohi mafi yawa daga cikin sauran. Tun 1999 ba a taɓa kaiwa ga haka ba. Wanda bai gamsu da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda za ta yanke hukunci cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ƙoli, ita kuma kwana 60 gare ta.

Aikin aji: idan an kaɗa ƙuri'u 800,000 a wata jiha, ƙuri'u nawa ɗan takara yake bukata kafin a ce ya samu rubu'in jihar?